Idon Hagu na Kawu

Ranar da aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidan Kawu a Unguwar Boro, kusan duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tsaya gaban fostar da muka rataya a jikin katanga kafin ya shiga ciki. Babba ce, ta kai tsayin mutum. Kawu ne a jiki, da farar riga da hula, fuska tas kamar yanzu aka wanke ta. Matan zumunta na cocinmu da suka zo da yamma ɗauke da tulunan kiɗansu suka yi ta yabawa. Wata ta ce ai Baba ya koma saurayi. Wata ta ce dama mai ɗaukar hoto dole nasa ya fi na kowa. Da Fasto ya zo addu'a ya tambayi wanda ya yi aikin, aka nuna masa ni, ya sa mini albarka a gaban jama'a. Ina riƙe da tiren ruwa na ce amin.

Mutum biyu ne ba su yaba ba.

Na farko Alhaji ne, tela a Tudun Wada, can ƙetaren kogi, abokin Kawu tun suna samari. Ya sauko daga keken haya mai ƙafa uku da ƙyar, ya tsaya gaban fostar, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya daɗe a tsaye. Da ya ga ni ce kusa, sai ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, nan ne gidan kuwa?"

Na ce nan ne, Baba.

"To wannan ƙaninsa ne?"

Kawu ba shi da ƙane namiji, kuma Alhaji ya fi ni sanin haka. Na ce masa hoton Kawu ne, an ɗan gyara shi ne kawai. Ya sake duban fostar, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya wuce ciki.

Ta biyu ita ce Mama, matar Kawu. Sau ɗaya ta fito raka wasu baƙi, ta ɗaga kai ta duba, ta juya. Daga ranar har aka ɗauki gawa zuwa ƙauye, ta ƙofar baya take fita.

Ni na yi fostar nan. Ni na ba da hoton da aka buga a takardar tsarin sujada, da wanda aka buga a rigunan da dangi da maƙwabta suka sa ranar jana'iza. Na daɗe ina tunanin ko ya dace in rubuta wannan, domin ta'aziyya ta mamaci ce, ba wurin da mai rai zai zo yana wanke kansa ba. Amma fuskar da muka raba wa mutane ba ta Kawu ba ce, kuma ina tsoron nan gaba ita kaɗai za a tuna. Shi ya sa nake so in faɗi yadda yake, iya abin da na sani.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A gidansa na zauna duk shekarun da na yi a sakandare, saboda makarantar ta fi kusa da su. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba, sai dai Uwata. Mama kuma, idan tana son tsokana, sai ta ce uwar miji, zo ki ɗanɗana miyar nan kada ki kai ƙarata.

Shagon hotonsa yana Sabon Tasha, kusa da inda ƙananan motoci ke lodi. Ɗaki ɗaya ne, da labule mai zanen gidan bene da ruwa yana gangarowa daga dutse, da kujerar katako wadda ina jin rabin unguwar sun taɓa zama a kanta. Idan mutum ya shigo, Kawu ba ya ɗaukar kyamara nan da nan. Sai ya miƙa masa hankici ya goge maiƙon goshi, ya tambaye shi mutanen gida, ya yi masa faɗa a kan yadda ya karkata hula. Sai mutum ya gaji da zaman hoto ya koma zaman kansa, sannan Kawu ya ɗaga kyamara, ya kanne idon hagu, ya ce, "Kada ka motsa." Haka yake ce wa kowa, har da jarirai, har da wani akuya da aka taɓa kawowa.

Wannan idon na hagu shi ne abin da kowa ya san shi da shi. Shekara da shekaru yana kanne shi a bayan kyamara, har fatar idon ta saba, ta daina buɗewa duka. Ko yana cin tuwo, ko yana waƙa a coci, idon a rabin rufe yake, kamar yana auna ka ya ga ko za ka yi kyau a hoto. Likita ya taɓa cewa wataƙila ba kyamara ba ce, tsufa ne ko wata jijiya. Kawu bai yarda ba. Ya ce manomi yana da kanta a hannu, shi tasa kantar a ido take.

Yana da wata al'ada da ban san wani mai hoto da yake yinta ba. Duk lokacin Kirsimeti sai ya rufe shago na 'yan kwanaki, ya bi gidajen tsofaffin unguwa yana ɗaukarsu hoto, ba ya karɓar komai. Hoton ajiya yake kiransa. Kowa ya san ajiyar ta mece ce. Na taɓa raka shi gidan wata tsohuwa a bayan cocinmu, ta ce sam ba za ta zauna ba, ya tafi da kiran mutuwarsa wani gidan. Kawu ya zauna a kan turmi ya ce mata, "Mama, mutuwa ba ta jiran a kira ta. Ni dai abin da ba na so shi ne ranar da za ki tafi yaranki su rasa hoto, su ɗauko na katin zaɓenki su ɗora a kan akwati." Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta shiga ɗaki ta canja zani, ta fito da ɗankwalin da ta ce tun bikin autarta ba ta ɗaura shi ba. Da ta rasu bayan wasu shekaru, wannan hoton ne aka riƙe a gaban akwatinta, kuma ita ce a ciki, babu mai tambaya.

Daga nan ne maganarsa ta fito, wadda duk wanda ya zauna da shi ya ji ta: hoton tsoho a ɗauke shi yadda zai kai girman ƙofa bai fashe ba. Muna yara mun ɗauka zancen mai sana'a ne kawai.

Lokacin da fim ya fara wuya aka koma kyamarar da ke ajiye hoto a memori, Kawu ya sayi wata ƙarama, irin wadda ke shiga aljihu. Bai taɓa sonta ba. Akwatin ashana yake ce mata. Babban ƙorafinsa shi ne ba ta san baƙar fata ba. Idan matan zumunta suka jeru da fararen ɗankwali a rana, ko dai fuskoki su fito baƙi ƙirin babu hanci babu ido, ko kuma ɗankwalin ya ƙone ya zama farin fili. Ya ce a nan ake gane kyamara, a tsakanin farin ɗankwali da baƙar fuska. Alhaji, wanda yakan biyo shagon duk ranar da ya haye kogi sayen zare, sai ya ce masa ai ba laifin kyamara ba ne, idon mai ita ne ya rage saura ɗaya da rabi. Kawu ya ce gara shi, shi da ɗaya da rabin yake aiki, wani da huɗu yake ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Haka suke tun kafin a haife ni. Ko a shekarun da mutanen wannan gefen kogi da na wancan suka daina shiga unguwannin juna saboda rikici, su biyun ba su daina ba, sai dai su rage dare.

Saɓanin da na samu da shi a kan kyamara ne. Bayan na gama jami'a, inda na karanta aikin jarida, Kawu ya ce zai sayar da mashin ɗinsa ya sayi wata babbar kyamara ta hannu da ya gani a kasuwa. Mama ba ta so ba, saboda gwiwarsa ta fara ciwo, kuma mashin ɗin ne ƙafarsa. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Anti, ita ma ba ta so ba. Sai aka ce a tambaye ni, tunda ni na yi karatun abin.

Na faɗi abin da na karanta, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne. Na ce bambancin da ke tsakanin kyamarori na yanzu, masu sayarwa ne suka fi zuzuta shi. Na ce yawancin hotuna a waya ake kallonsu, kuma da zarar an tura hoto daga waya zuwa waya an matse shi, duk ingancin da aka saya da tsada ya zube a hanya. Na ce masu zuwa shago ba za su gane ba. Da na tsaya nan da ya isa. Amma ina so in tabbatar, saboda ba na son in faɗi abin da ban gwada ba. Sai na aro babbar kyamara wajen wata abokiyar karatuna, na ɗauki Mama a tsakar gida da ita, na sake ɗaukarta da wayata, na wanke duka biyun a girman tafin hannu. Ranar Lahadi bayan sujada na ajiye su a tebur na ce kowa ya nuna na babbar kyamara.

Babu wanda ya iya bambantawa. Kawu ya kai su bakin taga, ya jujjuya, ya daɗe, sannan ya zaɓi ɗaya. Na wayar ya zaɓa.

Anti ta yi dariya. Ina jin ni ma na yi, ko da yake ban so in tuna ba. Kawu ya ajiye hotunan a hankali ya ce, "A ƙarami ne. Ki kai shi girman ƙofa mu gani." Na ce wa yake buga hoto girman ƙofa a zamanin nan.

Ya sayar da mashin ɗin, ya sayi kyamarar. Daga nan keken haya yake hawa, ranar da babu kuma ya taka da ciwon gwiwarsa. Ya yi watanni yana kirana Madam maimakon Uwata, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da a ce zagina ya yi. Dole kuma in faɗi gaskiya, ciniki bai dawo ba. Waya ta riga ta cinye kasuwar, sai masu hoton fasfo da 'yan bukukuwa jefi-jefi. Ta fuskar kasuwa abin da na faɗa ne ya faru, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Shi kuwa bai nuna nadama ba. Kirsimetin shekarar ya zaga tsofaffinsa da sabuwar kyamara a wuya, ya dawo yana nuna wa Mama a ɗan gilashin bayanta yadda ake iya ƙirga furfurar gira.

Bikina ne ya shirya mu. Da safiyar ranar ina zaune a ɗakin Mama ana ɗaura mini ɗankwali, sai ga shi a bakin ƙofa da kyamara. Ya ce, "Uwata, kada ki motsa." Shi ke nan, ba mu sake tada maganar ba.

Abin da ban lura da shi ba a duk shekarun nan shi ne, mutumin da ya tanadar wa tsofaffin unguwa hoton ajiya, shi ba shi da nasa. Ba ya yarda a ɗauke shi da waya. Da an ɗaga sai ya tare da tafin hannu ya ce a jira wanda ya iya. Alhaji yakan ce wanzami ba ya son jarfa. A gidan ni kaɗai ce zan iya riƙe babbar kyamarar, kuma na sha cewa a raina wata Kirsimeti zan zaunar da shi a kujerar nan ta katako. Ban san me na tsaya jira ba. Da damina ya faɗi a shago, hawan jini, kafin a kai shi asibiti magana ta ɗauke. Bai kwana biyu ba ya cika.

A taron iyali aka raba aiki, aka ba ni na hoto. Muka bincika gidan kaf. Akwai na aurensu, yana saurayi siriri da gashi buzu-buzu. Akwai na katin shaida. Na tsufansa guda ɗaya ne, wanda Anti ta sata daga nesa ranar godiyar kaka a coci, da wata tsohuwar wayar da ta riga ta ɓata. Abin da ya rage shi ne wanda ya yi ta yawo a guruf ɗin iyali na waya har ya gaji. A waya yana da kyau, Kawu ne sosai, yana kallon gefe, idon nan a rabin rufe.

Na kai shi wani shagon buga fosta a Sabon Tasha da rana tsaka. Mai aikin ya buɗe shi a kwamfuta ya ja shi zuwa girman da muke so, sai fuskar ta watse ta zama gida-gida kamar saƙar tabarma. Maganar girman ƙofa ta faɗo mini a rai a tsaye a wurin. Gawa tana asibiti, an riga an sa rana, mutanen ƙauye suna hanya. Mai aikin ya ce akwai manhajar da ke gyara irin wannan, kowa da ita yake yi yanzu. Na ce a gwada.

Kafin in zauna hoton ya fito. Kowane zare na hular ana ganinsa. Fata sumul. Idanu biyu a buɗe tangaran, daidai da juna.

Na ga idon. Ba zan ce ban gani ba. Kuma na san yadda irin wannan manhaja take aiki, ba ta dawo da abin da ya ɓace, cike gurbi take yi da abin da ta saba gani a fuskokin wasu mutane. Inda ta tarar da ido a rabin rufe, sai ta ɗauka lalacewar hoto ce, ta gyara. Amma na ce wa kaina Kawu ba zai taɓa yafe mini ba idan na rataya fasasshen hoto a ƙofar gidansa, shi da ya sayar da abin hawansa saboda kada hoton wani ya fashe. Ina jin da gaske na yarda cewa biyayya nake yi masa. Na tura wa Anti ta waya, ta duba ta ce ya yi. A ƙarami ta gani, kuma ni ce na taɓa tabbatar wa gidan nan cewa a ƙarami ba a gane komai. Mama ban nuna mata ba. Na ce kada in dame ta tana cikin makoki. Wataƙila wannan ne dalilin, wataƙila kuma na san abin da za ta ce.

Bayan mun dawo daga ƙauye, Anti ta sa aka yi wa hoton firam aka rataya a falo. Na lura duk lokacin da Mama za ta ratsa falon sai ta gyara ɗankwali, ta bi ta gefen bango. Wata ranar Asabar na je gaishe ta, tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta ce in zauna.

"Uwar miji, mutumin nan da kuka rataya mini a falo, ki zo ki sauke shi. Baƙo ne, kunyarsa nake ji."

Na fara ba ta haƙuri, na fara bayanin manhaja da ƙaramin hoto, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ba faɗa take yi ba, ta san ƙoƙari na yi. Sai ta ajiye tiren.

"Jiya na rufe ido zan yi addu'a, na nemi fuskar Kawunki, sai wannan ya zo mini. Da ƙyar na kore shi. Ni tsufa ya kama ni, kaina ba kamar da ba. Ina tsoron in yi ta ganinsa har ya kore mini nawa."

Ban taɓa jin nauyi irin na wannan rana ba. Na shiga na sauke firam ɗin na kifa shi a bayan kujera. Na ce zan wanke mata wanda Anti ta ɗauka a ƙarami yadda yake. Ta ce to, amma idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa yanzu, ko Littafi Mai Tsarki sai an karanta mata. Wato ƙaramin ba zai yi mata amfani ba, babban kuma ba shi ba ne.

Na karɓi makullin shago. Kyamarar tana inda ya bar ta, a nannaɗe cikin tsohon tawul, da memori da yawa a cikin gwangwanin madara. Tunanina shi ne mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar hoto, dole wani wuri ya faɗa cikin hotonsa ba da saninsa ba. Na yi makonni ina dubawa, duk ranar da na taso aiki da wuri. Na ga inuwarsa a ƙasa a filin wata makaranta. Na ga gwiwar hannunsa a gilashin motar amarya. Na ga tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, da yawansu sun riga shi tafiya, kowanne a zaune da mutuncinsa. Shi dai babu. Ya iya aikinsa, ya san inda zai tsaya kada ya shiga.

Na bar hotunan bikina sai ƙarshe, don ina da su a waya, na kalle su ba adadi. Da na buɗe na ɗakin Mama a kwamfuta, wanda ake ɗaura mini ɗankwali, sai na ga a bayana ƙofar wadirob a ɗan buɗe take, kuma madubin jikinta ya kama bakin ƙofar ɗakin. A wanda ke wayata wurin wani ɗan duhu ne kawai, kuma ni kaina nake kallo duk lokacin da na buɗe. Na fara jan wurin, ina jira ya watse. Bai watse ba. Na ƙara ja. Ga Kawu a tsaye, kyamara ta rufe masa rabin fuska, furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya, bakinsa a ɗan buɗe, idon hagu a kanne.

Na yanko wurin, ban taɓa komai a jikinsa ba. Bai kai girman ƙofa ba, amma ya kai na kalanda bai fashe ba. Mai shagon fosta ya ce ko a ɗan haska shi, na ce a bar shi haka.

Da na kai wa Mama, ta fito da shi haske ta riƙe da hannu biyu. Sai ta ɗora babban yatsa a kan idon, ta ce, "Ga shi nan, yana ce mana kada mu motsa." Ita ta nuna ƙusar da za a rataya shi, ba a falo ba, a ɗakinta. Na wanke wani na haye da shi Tudun Wada. Alhaji ya tsayar da keken ɗinki, ya cire tabarau ya goge, ya duba. Ya ce sai yau ya samu wanda zai yi wa gaisuwa.

Tun daga lokacin nake juya gardamar nan tamu, ko bambancin kyamara da kyamara yana da wani amfani. Ban ce na gano amsa ba. Gwajin da na yi a tebur gaskiya ne, a girman tafin hannu ko Kawu bai bambanta ba, kuma yawancin hotunan da muke ɗauka a nan za su ƙare. Hoton da Anti ta ɗauka mai dishi-dishi ya fi na fostata mai kaifi kama da shi nesa ba kusa ba, don haka kaifi kaɗai ba komai ba ne. Amma da akwatin ashana ya ɗauki hoton bikina, ko da waya, da babu abin da zan tarar a madubin nan sai duhu. Kyamarar da na ce asara ce, ita ta ajiye abin da babu wanda ya san za a nema, har shi da ya danna ta. Ina jin abin da yake nufi ke nan da girman ƙofa. Ba don yau yake ɗauka ba, don ranar da za a zo nema ne. Ni kuwa yau kaɗai na auna.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne rigunan. Mun raba su da yawa, kuma yadin mai kyau ne, ba ya saurin kodewa. Kwanan baya a kasuwar Sabon Tasha na tsaya sayen tumatir, sai na ga mai sayarwar sanye da ɗaya daga ciki. Baƙon nan yana kallona daga ƙirjinta da idanu biyu a buɗe, sunan Kawu a ƙasa. Ta ga ina kallo, ta ce ai Baba mai hoto ne, shi ya ɗauki mahaifiyarta kafin ta rasu, mutumin kirki. Na so in ce mata ba fuskarsa ba ce. Ban iya ba, domin don ƙauna ta sa rigar. Na karɓi tumatir ɗina na tafi.

Don haka roƙona ga duk wanda yake da rigar nan, ko takardar sujadar da ya adana cikin Littafinsa: ban ce ku yar ba. Amma idan yaro ya tambaye ku wane ne wannan, ku sa yatsa ku rufe masa rabin idon hagu tukuna, sannan ku faɗi sunan.

Kawu, ka zaunar da tsofaffin unguwa kaf, mu ba mu zaunar da kai ba. Ubangiji ya ba ka hutawa, ya riƙe Mama, ya bar mata fuskarka yadda take.